Me Ya Sa Lesoto Ke Biyan Tsofaffinta Fansho, Nijeriya Kuwa Tana Rabon Shinkafa?

A watan Nuwamban 2004 gwamnatin Lesoto, 'yar ƙaramar ƙasar nan ta kan duwatsu wadda Afirka ta Kudu ta yi wa zobe, ta fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 fanshon maloti 150 a wata. Ba a tambayi tsoho ko ya taɓa aikin albashi ba, ba a kuma nemi takardar shaidar talauci daga hannun mai unguwa ba. In dai shekarunsa sun kai, kuma ba ya karɓar wani fanshon na gwamnati, sai ya je gidan waya ya karɓi kuɗinsa. Lesoto ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, kuma gwamnatin Firaminista Pakalitha Mosisili daga kasafin kuɗinta ta ciro kuɗin. Tun kafin ita, Nepal ta yi haka a 1995 ga masu shekara 75, da rupi 100 a wata. Zanzibar ta bi sahu a 2016, da shilin 20,000 ga duk mai shekara 70.

A Nijeriya kuwa, mai sayar da ɗanyen mai tun 1958, tsohon manomin da ƙarfinsa ya ƙare ba shi da ko sisin kwabo da doka ta ce nasa ne. Abin da ya sani shi ne tirelar shinkafa da ake saukewa a sakatariyar ƙaramar hukuma, da layi, da turereniya, da kansila mai rubuta sunayen nasa. A watan Oktoban 2020 duniya ta ga yadda jama'a suka farfasa rumbunan da aka jibge kayan tallafin korona a jihohi da dama, watanni bayan an ɗage kullen da aka tara kayan dominsa.

Amsar da masu mulki ke bayarwa kullum ɗaya ce: babu kuɗi, a yi haƙuri tattalin arziki ya bunƙasa tukuna. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin ba a raba abin da babu, kuma tsofaffin masana sun daɗe suna cewa kula da walwalar jama'a kan biyo bayan masana'antu da arziki ne. Amma tarihin ƙasashe masu tasowa bai gaskata ta ba. Ƙasashen da arzikinsu ya yi kusa da juna sun bambanta nesa ba kusa ba wajen ɗaukar nauyin marar lafiya da tsoho da maraya. Abin da ya raba su siyasa ce: wa mai mulki yake jin tsoro, daga ina kuɗinsa ke fitowa, kuma shin alherin da ya yi an ɗaure shi da doka ko an bar shi a rataye a wuyansa shi kaɗai.

Tushen matsalar gado ne. Tsarin inshorar ma'aikata da duniya ta kwaikwaya a Jamus aka ƙirƙiro shi, a zamanin Bismarck: inshorar lafiya a 1883, ta haɗari a 1884, fanshon tsufa a 1889. Bismarck ba don tausayi ya yi ba, don ya karya lagon 'yan gurguzu ne da ke neman janye ma'aikatan masana'antu. Tsarin ya ginu a kan mai albashi: a yanki wani abu daga albashinsa, mai aiki ya ƙara, a tara masa. Da Turawan mulkin mallaka suka kawo shi Afirka, sai ya tsaya a kan akawu da ɗan sanda da ma'aikacin reluwe. Ko su ɗin ma da yajin aiki suka ƙwata. Ma'aikatan jirgin ƙasan Dakar zuwa Bamako sun shafe watanni biyar suna yaji daga Oktoban 1947, kuma irin wannan matsin ne ya kai Faransa ga dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mallaka a 1952, sannan kuɗin iyali ga ma'aikata a 1956. Ingilishi kuwa sun fake da cewa Baƙar fata yana da dangi da gona, in ya tsufa ko ya naƙasa ƙauyensu zai riƙe shi. A Nijeriya asusun tanadin ma'aikatan kamfanoni sai 1961 aka kafa shi.

Bayan 'yancin kai ba a sauya ginshiƙin ba. A ƙasar da kusan tara cikin goma na masu neman abinci ba su da takardar albashi, tsarin da ke dogara da yankan albashi ya bar manomi da makiyayi da mai ƙosai da ɗan acaɓa a waje tun daga ƙofa. Dokar fansho ta 2004 ta gyara abubuwa da yawa ga ma'aikaci, amma mai faskare bai ma san an yi ta ba.

Abin mamaki, inda aka kauce wa wannan hanya a Afirka, wariyar launin fata ce sanadi. A 1928 Afirka ta Kudu ta kafa fanshon tsufa wanda ba sai an yanki albashin kowa ba, daga baitulmali ake biya, domin hankalin masu mulki ya tashi da ganin talakawan Turawa suna zama a unguwannin Baƙaƙe. Baƙar fata ba ya ciki. A 1944 aka shigar da shi, amma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gwamnatin wariya da ta hau a 1948 ba ta soke ba, kuma da ta ga ƙasa na neman suɓuce mata sai ta riƙa rage tazarar, har aka daidaita kuɗin a 1993. Mandela ya tarar da ofisoshi da rajista da ma'aikatan biya a shirye. A 1998, bisa shawarar kwamitin Francie Lund, aka ƙara kuɗin rainon yaro, rand 100 a wata ga 'yan ƙasa da shekara bakwai. Yau kuɗin na bin yaro har shekara 18, kuma yara kimanin miliyan 13 ne ke ciki. Namibiya da Botsuwana da Lesoto duk a maƙwabciyarsu suka ga abin yana yiwuwa.

Bayan gado sai tsoro, kuma babu tsoron da ya kai na yunwa motsa masu mulki. Fari da yunwar lardin Wallo na Habasha a 1973 na cikin abin da ya ci gadon sarautar Haile Selassie a shekarar da ta biyo. A Nijar, sojojin Seyni Kountché da suka kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilun 1974, farin Sahel da wawure kayan agaji suka kafa hujja da su. Meles Zenawi na Habasha, wanda ya yi tawaye a daji lokacin yunwar 1984, ya san wannan darasi sarai. Bayan farin 2002 zuwa 2003 ya jefa mutum sama da miliyan 13 cikin buƙatar abinci, gwamnatinsa ta ce ta gaji da roƙon agajin gaggawa kowace shekara. A 2005 Habasha ta fara shirin da ke biyan magidanta kuɗi ko hatsi na wata shida a shekara, su kuma su yi aikin gayya na tare zaizayar ƙasa da gyaran hanya da tona tafki. Tsoho da naƙasasshe a ba su ba tare da aiki ba. Mutum kimanin miliyan 8 shirin ya riƙa ɗauka. Habashar Meles ba ƙasar dimokuraɗiyya ba ce, kuma mafi yawan kuɗin daga masu ba da agaji ya fito, amma gwamnati ce ta riƙe linzami, don ta ɗauki yunwa a matsayin barazana ga kujerarta.

Labarin jihar Maharashtra ta Indiya ya fi dacewa da kunnen mutumin Kano. Farin farkon shekarun 1970 ya koro talakawan karkara zuwa Bombay. Jihar ta fito da shirin da ya lamunce wa duk baligin ƙauye aikin lada idan ya nema, ta mai da shi doka a 1977, ta kuma ɗora harajinsa a kan masu albashi da lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwar birni. Me ya sa masu hali suka yarda? Sun gwammace su biya a riƙe ɗan cirani a ƙauyensu da su tashi su gan shi kwance a ƙofar gidansu. A kan wannan gwaji Indiya ta gina dokar 2005 da ta ba kowane gidan karkara damar aikin kwana 100 a shekara. Attajiran Arewa da ke kewaye gidajensu da waya mai lantarki suna hayar masu gadi, su ma biyan suke yi, sai dai ba ta hanyar da za ta rage masu yawo a titi ba.

Tsoro yana iya kafa shiri, amma ƙuri'a ce ke faɗaɗa shi. Koriya ta Kudu ta fara inshorar lafiya a 1977 a ƙarƙashin Janar Park Chung-hee, ga kamfanoni masu ma'aikata 500 zuwa sama kawai. Zanga-zangar 1987 ta tilasta zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. A 1988 manoma suka shiga, a 1989 masu sana'ar kansu na birni suka shiga, aka game kowa. Taiwan ta kafa tata a 1995, shekara guda kafin zaɓen shugaban ƙasa na farko da jama'a suka yi da hannunsu. A Barazil, tun 1881 doka ta hana wanda bai iya karatu da rubutu ba jefa ƙuri'a, kuma sai 1985 aka ɗage hanin. Shekara uku bayan haka kundin tsarin mulkin 1988 ya mai da magani kyauta haƙƙin kowa, ya kuma ba tsohon manomi fansho daidai da mafi ƙarancin albashi. Ba haɗuwar sa'a ba ce. Ranar da ƙuri'ar talakan arewa maso gabashin Barazil ta fara ƙirguwa, ranar aka tuna yana tsufa.

Ko a Yammacin Nijeriya an taɓa ganin haka. Awolowo ya buɗe firamare kyauta a Janairun 1955, yawan 'yan makaranta ya tashi daga kimanin 457,000 zuwa sama da 800,000 a shekara guda. Kuɗin koko ya taimaka, amma har da harajin ilimi da ya ɗora wa jama'a, wanda 'yan hamayya suka yi masa yarfe da shi har jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓen tarayya na 1954 a yankinta. Bai janye ba, kuma har yau yankin na cin gajiyar taurin kan nan.

Sai dai ƙuri'a ita kaɗai ba ta isa ba, in ba haka ba da Nijeriya, mai zaɓe ba yankewa tun 1999, ta wuce haka. Dole a samu masu juya ƙuri'a ta zama buƙata takamaimiya. A Tailan wasu likitoci ne da suka yi aikin karkara tun suna samari, irin su Sanguan Nitayarumphong, suka shafe shekaru suna gwada tsarin a larduna suna lissafa kuɗinsa. Da Thaksin Shinawatra ya zo neman ƙuri'ar manoma a 2001, sai suka miƙa masa shirin a dafe: baht 30 kacal a duk zuwa asibiti, sauran daga haraji. Ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga rugujewar kuɗinta ta 1997 ba, masana da yawa suka ce ganganci ne. Cikin shekara guda shirin ya game ƙasa, ya ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a, aka kuma yi masa doka a 2002. Da sojoji suka hamɓarar da Thaksin a 2006, ba su iya taɓa shirin ba. Gwamnatin da suka naɗa ma soke baht 30 ɗin ta yi, magani ya koma kyauta.

A Gana ma haka. Tun bayan gyaran tattalin arzikin da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka tsaya a kai a shekarun 1980, asibitin gwamnati ya koma biya kafin a taɓa ka, mutane na mutuwa a bakin ƙofa. John Kufuor ya yi yaƙin neman zaɓen 2000 da alƙawarin kashe wannan tsari, ya ci, a 2003 aka yi dokar inshorar lafiya. Hikimar dokar tana wajen kuɗi: aka ƙara kashi 2.5 a kan harajin kayan masarufi aka keɓe shi ga lafiya, don haka mai sayen sabulu a Zangon Kumasi ma yana zubawa ko ba shi da albashi. Tsarin na Gana yana da ciwonsa. Asibitoci sun sha kukan jinkirin biya, baitulmali kuma ya sha riƙe wani kaso na kuɗin. Duk da haka, a kwatanta shi da na Nijeriya da aka ƙaddamar a 2005 a kan ma'aikatan tarayya: shekara goma sha biyar bayan haka bai kai ga ko kashi 10 na jama'a ba, kuma sama da kashi 70 na kuɗin magani a ƙasar daga aljihun majinyaci yake fita. Dokar 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa, amma wajabci a takarda ba ya sayen ƙwayar magani.

A nan maganar ta iso ga haraji, inda ciwon Nijeriya yake. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin da ke rayuwa da harajin jama'a ta ci ladan, kuma jama'a kan tsare ta sai ta yi askin. Wadda kuɗinta ke bulbulowa daga rijiya a gaɓar teku, a raba a Abuja duk wata, ba ta jin kowa na binta bashi, talakan ma kallon abin da ta ba shi yake kamar kyauta, har ya yi godiya. Harajin da Nijeriya ke tarawa, in an auna da girman tattalin arzikinta, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Barazil na tara kusan kashi ɗaya cikin uku, Afirka ta Kudu kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Kada a ɗauka biyan haraji shi kaɗai ke haifar da haƙƙi. Talakan Arewa ya yi shekara da shekaru yana biyan haraji da jangali da bulalar dogari a bayansa, bai ga makaranta ko asibitin kirki ba, domin ba shi da bakin tambaya. Shi ya sa jam'iyyar NEPU ta yi ta yaƙar su, kuma da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979 jama'a suka yi murna, da gaskiyarsu. Haraji yana aiki ne in ya haɗu da ƙuri'a mai daraja. Arzikin ƙasa ma ba la'ana ba ne a karan kansa: Botsuwana da kuɗin lu'ulu'u ta fara fanshon kowa da kowa a 1996, Bolibiya kuma ta ɗaure fanshon masu shekara 60 da harajin iskar gas a 2008. Bambancin shi ne can an rubuta cewa kaso kaza na wane ne.

Abin da Nijeriya ta yi da nata arzikin shi ne rangwamen man fetur. Shi ne tsarin walwalarta na haƙiƙa shekara kusan hamsin, kuma mafi tsada: sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, fiye da abin da tarayya ta ware wa lafiya da ilimi a haɗe. Mai motoci uku da janareta ya fi mai keke cin moriyarsa, masu fasa-ƙwauri zuwa Nijar da Kamaru da Binin suka fi kowa. Amma da jama'a suka fito a Janairun 2012 suka hana cire shi baki ɗaya, ba jahilci ba ne. Shi ne abu ɗaya da suka tabbata yana iso su ba tare da sun san kowa ba. Indunusiya da ta ninka farashin mai a Oktoban 2005, a watan ta fara biyan gidaje miliyoyi rupiya 100,000 a wata ta gidan waya, har adadin ya kai kimanin gida miliyan 19. A Nijeriya an cire rangwamen da jimla guda a jawabin rantsuwa ran 29 ga Mayun 2023, sannan aka shiga neman sunayen waɗanda za a tallafa wa. Kafin a je ko'ina, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya na wani lokaci.

Neman sunayen nan ba ƙaramin abu ba ne. Shirin Bolsa Família na Barazil da Shugaba Lula ya ƙaddamar a Oktoban 2003 ya yi suna a duniya, amma ƙashin bayansa rajista ce guda ta gidajen talakawa da gwamnatin Cardoso, abokin hamayyarsa, ta fara a 2001. Lula bai watsar da ita don ba tasa ba ce. Ya haɗe ƙananan shirye-shirye huɗu ya ɗora a kanta. Kuɗin na shiga kati ne ta bankin gwamnati, galibi da sunan uwa, ba ya ratsa hannun ɗan siyasar unguwa. Da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar aka riƙa kaiwa ga gidaje kimanin miliyan 14. Bolsonaro, wanda ya daɗe yana kushe shirin, da ya hau sai ya canza masa suna a 2021, ya kuma ƙara kuɗin ana dab da zaɓe.

Meziko ta nuna ɗaya fuskar. Shirinta na Progresa, wanda aka fara a 1997, babu shirin tallafi da masana suka auna suka yaba kamarsa, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A 2019 Shugaba López Obrador ya rufe shi, kuma ba a ga wata gagarumar zanga-zanga ba. Shiri ne na matalauta zalla, mai sharuɗɗa da yawa, wanda masu matsakaicin hali ba su da komai a ciki. Abin da ya faɗaɗa a madadinsa, fanshon kowane tsoho, shi aka shigar cikin kundin tsarin mulki a 2020. Masu ba da rance sun fi son a tace a zaɓo mafi talaucin talakawa, wai don a yi tsimi. A takarda lissafin daidai ne. A ƙauyen da gida takwas cikin goma ke kwana da yunwa a watan Agusta kuwa, zaɓen gida biyu ba ya haifar da komai sai gaba da zargin son kai, kuma shirin da 'yan kaɗan ke ci ba shi da masu kare shi ranar da za a yanka shi. Shekarun tsoho ko na jariri sun fi talauci sauƙin tantancewa, sun kuma fi wuyar murɗewa.

A jera shirye-shiryen Nijeriya a gani: na matan karkara na Maryam Babangida a 1987, na tallafin iyali na Maryam Abacha a 1994, NAPEP a 2001, SURE-P a 2012, sai na Buhari a 2016 mai naira 5,000 a wata, wanda aka zuba wa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Kusan kowanne da mai shi ya tafi. Kundin tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, ya ambaci abinci da matsuguni da kula da tsofaffi, sannan sashe na 6 ya hana kotu sauraren ƙara a kan wannan babin. Indiya ma tana da irin babin da ba a kai ƙara a kansa, amma kotun ƙolinta ta bi ta haƙƙin rayuwa, ran 28 ga Nuwamban 2001 ta umarci jihohi su riƙa dafa wa 'yan firamare abincin rana. A Afirka ta Kudu sashe na 27 ya sa tallafin cikin haƙƙoƙin da ake ƙara a kansu, kuma a 2017 da rikicin kwangila ya nemi hana biya, kotun tsarin mulki ce ta tsaya sai da kuɗin ya fita.

Mai karatu zai ce, ina zakka? Ina dangi da maƙwabtaka? Suna nan, kuma su ne suka riƙe Arewa da gwamnati ta saki. Ɗan'uwan da ke aiko kuɗi daga Legas, adashin mata, buhun da manomi ke fitarwa bayan girbi, sun ceci rayukan da babu ma'aikatar da ta ceta. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da waƙafi, kuma da attajirai za su fitar da haƙƙin Allah yadda ya kamata da an ga canji. Amma taimakon dangi yana da iyaka: fari ko ambaliya ko 'yan bindiga in sun zo, mai bayarwa da mai karɓa tare suke faɗuwa. Pakistan tana cire zakka daga asusun banki da ƙarfin doka tun 1980, duk da haka a 2008 sai da ta kafa shirin biyan mata matalauta daga kasafin kuɗi. Zakka farilla ce a kan mai dukiya. Ba ta sauke wa mai mulki nasa nauyin ba.

Kuma kafa doka ba tare da kuɗi ba wata yaudarar ce. Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, iyaye suka yi tururuwa, amma jinkirin biyan asibitoci ya bar ɗakunan magani da yawa ba ƙwaya. Nijeriya ta yi dokar lafiya a 2014 da ta keɓe kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga lafiya a matakin farko, sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Alƙawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya da shugabannin Afirka suka ɗauka a 2001 a Abuja aka sa masa hannu, mai masaukin kuma ba ta taɓa cika shi ba.

Ba sai an jira Abuja ba. A 2007 Jigawa, a zamanin Sule Lamido, ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata, alhali tana cikin jihohi mafi ƙarancin kuɗin shiga. Tun da aka cire rangwamen mai, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, kuma mafi yawan mutum miliyan 133 da hukumar ƙididdiga ta ce suna cikin talauci mai fuskoki da yawa a 2022 a Arewa suke. Waɗanda suka haura shekara 65 a Nijeriya kusan kashi 3 ne kacal na jama'a, masu 70 ba su ma kai haka ba. Jihar da ke iya gina gadar sama a inda babu cunkoso tana iya biyan tsofaffinta.

Saboda haka ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da na direbobi, da malaman da ke hawa mumbari, su daina karɓar alƙawarin "za mu tallafa". Duk mai neman kujerar gwamna ko ta majalisar jiha a zaɓe mai zuwa a tsare shi ya faɗi wa zai biya, nawa a wata, daga wane kaso na kuɗin jiha, kuma yaushe zai kai ƙudurin gaban majalisa. Wanda ya kasa amsawa a hana shi ƙuri'a, ko da tirela nawa ta taliya ya sauke.